Ƙarfin Aro: Tarihin Gahawa da na Masu Ƙoƙarin Rage Ta

Gabatarwa

Tun ranar da gahawa ta fito daga zawiyoyin Yaman ta shiga kasuwa, shekaru fiye da 500 ke nan, ba a taɓa rasa mai cewa a rage ta ba. Sarakuna sun faɗa da bakin doka, likitoci sun faɗa da bakin nasiha, yaƙi da tsadar rayuwa kuwa sun tilasta ragin ba tare da sun nemi shawarar kowa ba. Duk da haka babu nahiyar da ba a ɗora tukunyarta kowace safiya. A matsayina na ɗalibin tarihi, wanda ya sha gahawa shekaru da dama kuma daga baya ya rage ta, tambayar da ta tsaya mini ita ce: me mutum yake tsoron rasawa idan aka ce ya ajiye finjali? Amsar da kowa ke bayarwa ita ce kuzari. Abin da nake son nunawa a wannan maƙala shi ne cewa kuzarin gahawa rance ne, kuma barci ne ke biyansa. Wanda ya bi sawun tarihinta zai tarar da jerin masu karɓar wannan rance, da abin da kowannensu ya yi da shi, da kuma wanda aka bari da biya.

Daren Sufaye

Akwai sanannen labarin wani makiyayi a Habasha da ya ga awakinsa suna tsalle bayan sun ci 'ya'yan wata bishiya. Labarin yana da daɗin ji, sai dai ba a gan shi a rubuce ba sai a 1671, a littafin wani malamin Kirista da ke koyarwa a birnin Rum. Abin da ya tabbata shi ne itacen gahawa ɗan asalin tsaunukan kudu maso yammacin Habasha ne, kuma shaidar farko ta shanta da za a iya dogara da ita ta fito ne daga Yaman a tsakiyar ƙarni na 15. Abdulƙadir al-Jaziri, wanda ya rubuta littafi a kan halaccin gahawa a ƙarni na 16, ya ambaci wani malamin birnin Adan, Jamaluddin al-Zabhani, a cikin waɗanda suka fara yaɗa ta a tsakanin Sufaye.

Buƙatar Sufaye a fili take. Suna son raya dare da zikiri, jiki kuwa yana son makwanci. Bayanin da ya iso mana game da Yamanawan da ke zaune a Azhar ta Alƙahira ya nuna cewa a daren Litinin da daren Juma'a suke shan ta. Ana zuba ta a wata babbar tukunyar jar ƙasa, shugaban halƙa ya riƙa ɗiba da ɗan ludayi yana miƙawa ta hannun dama. Wannan bayani ya fi ƙarfin a wuce shi da sauri. Mutanen da suka fara shan gahawa suna da ranakun sha, suna da ma'auni, suna da wanda ke riƙe da ludayi, kuma sun san abin da za su yi da daren da suka ara. Sauran darare biyar na mako na barci ne. Duk rigimar da ta biyo baya ta samo asali ne daga lokacin da ludayin ya bar hannun shehi ya koma hannun mai sayarwa.

Hukuma da Finjali

A 1511, Khair Bek, wanda ke riƙe da hisbar Makka a ƙarƙashin sarautar Mamluk ta Masar, ya ga wasu mutane sun taru da dare kusa da Harami suna zagaya wani abin sha. Ya tara malamai, aka kawo likitoci biyu suka ba da shaidar cewa gahawa tana cutar da jiki, aka hana sayar da ita. Da maganar ta isa Alƙahira, amsar da ta dawo ta soki tarukan da ake yi, amma ba ta haramta gahawar kanta ba. Kafin a daɗe an koma sha a fili.

Wajen 1555 wasu mutanen Sham biyu suka buɗe gidajen gahawa a Santambul, suka zama matattarar masu karatu da masu dara da masu sukar fada. A 1633, bayan wata babbar gobara, Sultan Murad na Huɗu ya rufe su, ya haɗa da hana taba, ya kuma tsananta hukunci. A Landan an buɗe gidan gahawa na farko a 1652. A ƙarshen Disamban 1675 Sarki Charles na Biyu ya ba da sanarwar rufe irin waɗannan gidaje saboda a cikinsu ake yaɗa maganganun da ke ɓata gwamnatinsa, amma hayaniyar da ta tashi ta sa ya janye kafin a cika mako biyu. A Purushiya, ɗaya daga masarautun Jamus, damuwar Sarki Frederick Mai Girma kuɗi ce. Ƙasarsa ba ta da yankin mallaka da ke noman gahawa, don haka kowane finjali kuɗi ne da ke fita waje. A 1777 ya yi kira ga talakawansa su koma giyar da iyayensu suka saba da ita, a 1781 kuma ya mayar da suyar gahawa a hannun gwamnati kaɗai, ya ɗauki tsofaffin sojoji aikin bin tituna suna shinshina ƙamshin masu suya a ɓoye. An soke tsarin jim kaɗan bayan mutuwarsa. Suwidin ta hana gahawa sau da dama tsakanin 1756 da 1823, ga shi yau mutanenta suna sahun gaba a duniya wajen shanta.

Idan aka jera waɗannan dokoki, abu guda ne ya haɗa su. Babu wadda ta tambayi mai sha ko yana samun isasshen barci. Wani sarki yana tsoron bakin jama'a, wani yana tsoron ramewar baitulmali. Shi ya sa duk suka faɗi, domin mai shan gahawa ya gane cewa ba don lafiyarsa ake yi ba, kuma jikinsa da ya riga ya saba yana tsaye a bayansa.

Wanda Aka Bari da Biya

Da gahawa ta zama abincin safen Turai, sai aka buƙaci gonaki. A shekarun 1780 yankin da Faransa ta mallaka a tsibirin da Haiti take a yau yana samar da kusan rabin gahawar duniya, kuma bayi 'yan Afirka ne ke noma ta, har zuwa boren da suka tayar a 1791. Daga baya Barazil ta karɓi ragama, ita ma da gumin bayi, domin ba ta soke bauta ba sai a 1888. Ke nan wartsakewar da malamin Paris ke ji a teburinsa an ciro ta ne daga gajiyar wani da ba a rubuta sunansa ba.

A cikin Turai da Amurka kuma, masana'antu sun raba aiki da fitowar rana da faɗuwarta. Agogo ya maye gurbin hantsi da la'asar, fitila ta tsawaita yini, aka shiga aikin dare bi da bi. Gahawa mai zafi da sukari ta dace da wannan tsari, don tana da saurin haɗawa kuma tana danne hamma. A 1938 kamfanin Nestlé ya fito da Nescafé, garin gahawar da ruwan zafi kawai yake buƙata, bayan Barazil ta rasa yadda za ta yi da rarar da ta kai ta ga ƙona miliyoyin buhuna. A 1952 wata ƙungiyar tallata gahawar ƙasashen Latin Amurka ta yaɗa al'adar ɗan hutun shan gahawa a tsakiyar aiki. Masu masana'antu da ofisoshi da yawa sun karɓe ta, domin 'yan mintocin da ma'aikaci ya ɓata suna dawowa a saurin hannunsa.

Zamanin ya kuma ga ragin dole. Daga Nuwamban 1942 zuwa Yulin 1943 Amurka ta taƙaita wa kowane baligi laba ɗaya, wato ɗan ƙasa da rabin kilo, a kowane mako biyar, saboda jiragen ruwa sun koma hidimar yaƙi kuma jiragen ƙarƙashin teku na Jamus suna nutsar da su. A 1975 sanyi mai tsanani ya ƙone gonakin Barazil, farashi ya yi tashin gwauron zabo, Jamus ta Gabas ta kasa saye. A 1977 gwamnatinta ta fito da wani gauraye wanda rabinsa kawai gahawa ne, sauran hatsi da wake da saiwoyi. Jama'ar da ta haƙura da ƙarancin abubuwa da yawa ta ƙi haƙura da wannan, koke ya yi yawa har aka janye shi. Gwamnatin ta juya ta zuba jari a noman gahawa a Biyetnam. Kafin gonakin su ba da amfani sosai Jamus ta Gabas ta shuɗe a 1990, Biyetnam kuwa ta zama ta biyu a duniya wajen noman gahawa.

Goro, Ɗan'uwan Gahawa

Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan tarihi, ko da yake ta wata ƙofa ya shigo. A ƙarnin da Sufayen Yaman suka fara zagaya tukunyarsu, a shi ne Tarihin Kano ya ambaci goro dubu goma da Sarkin Nupe ya aika wa Sarauniya Amina, ya kuma ambaci buɗe hanyar Gwanja a zamanin Sarki Abdullahi Burja. Sinadarin da ke cikin gahawa shi ne a cikin goro. Dominsa Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari suka yi shekaru masu yawa suna kora jakuna zuwa Salaga, tafiyar watanni, suna yayyafa wa huhu ruwa kada kaya ya bushe. Malami mai bitar dare, da maɗinki, da mai gadi, duk sun san amfanin ɓara guda idan ido ya fara nauyi. Gahawar kanta ta zo mana ta hannun alhazai da suka sha ta da dabino a Makka, da 'yan'uwanmu mazauna Sudan da ke dafa ta da citta a jabana, sannan daga baya ta sauka a teburin mai shayi cikin gwangwani da 'yar leda.

Mun kuma daɗe da sanin abin da ke biyo bayan rashi. Kakata, Allah ya jiƙanta, idan goronta ya yanke kwana guda, sai ta ɗaure kai da ɗankwali tamau, ta kira ni ta ce, "Kai maigidan, miji ne kai da za ka bar ni kaina yana sarawa? Ruga ka samo mini ko ɗan daushe ne." Ba ta taɓa jin sunan wani sinadari ba, amma ta san ciwon, ta san maganinsa, ta kuma san cewa maganin shi ne mafarin ciwon. Haka duk mai shan shayi ko gahawa ya san ciwon kan ranakun farko na azumi, wanda likitoci ke lissafa yankewar wannan sinadari a cikin dalilansa, tare da ƙishirwa da sauyin lokacin barci.

Abin da Ɗakin Bincike Ya Gano

A 1819 wani matashin masanin haɗa magunguna Bajamushe, Friedlieb Runge, ya ware sinadarin da ake kira kafeyin daga ƙwayar gahawa. An ɗauki fiye da shekara 150 kafin a fahimci yadda yake aiki. Muddin mutum yana farke, wani sinadari mai suna adinosin yana taruwa a ƙwaƙwalwarsa, yana zama a wasu gurabe na musamman, kuma yawansa ne ke sa a ji gajiya. Barci ne ke share shi. Kafeyin ya yi kama da adinosin a siffa, don haka sai ya riga shi zama a guraben. Gajiyar tana nan tana ƙaruwa, saƙonta ne kawai aka tare a ƙofa. Baƙar gahawa marar sukari kusan ba ta da abin da jiki zai ƙona ya sami ƙarfi. Aikinta shi ne ta hana mutum jin kiran mai bin bashi.

Jiki yana ɗaukar kimanin awa biyar kafin ya rage kafeyin da rabi. Kofi guda yana ɗauke da miligiram 80 zuwa 100. Wanda ya sha da la'asar, ƙarfe huɗu, rabin abin yana jininsa da ƙarfe tara na dare, rubu'insa kuma da ƙarfe biyu. Barcin ya zo da rauni, a tashi da saura, a nemi kofi don rufe saura. Da tafiya ta yi tafiya ƙwaƙwalwa takan saba, kofin da ke wartsakarwa jiya ya zama na tsayar da ciwon kai yau. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Bristol ta Ingila, aka wallafa a 2010, ya nuna cewa wartsakewar da masu sha kullum ke ji bayan kofin safe ba ta wuce matsayin da marasa sha suke kai ba tun farko. Kofin yana mayar da su ne inda rashinsa ya sauko da su.

A 2004 masu bincike biyu a Amurka, Laura Juliano da Roland Griffiths, sun tattara nazarce-nazarcen da aka yi a kan barin kafeyin. Sun tarar alamun suna farawa bayan awa 12 zuwa 24, suna tsananta a rana ta farko zuwa ta biyu, suna ɗaukar kwana 2 zuwa 9, kuma kusan rabin masu bari suna fama da ciwon kai. A 2013 kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ya shigar da wannan yanayi a jerin abubuwan da ake ganewa a asibiti. Hukumar lafiyar abinci ta Tarayyar Turai kuma ta bayyana a 2015 cewa miligiram 400 a rana ba abin damuwa ba ne ga baligi mai lafiya, mai juna biyu kuwa kada ta wuce 200. Wannan ya nuna gahawa ba guba ba ce. Magana ce ta ma'auni da lokaci.

Gwajin da Na Yi a Kaina

A shekarun da nake haɗa koyarwa da karatu, adadina ya tsaya a kofi huɗu: biyu da safe, ɗaya bayan azahar, ɗaya bayan isha don bitar dare. Da na karanta abin da ya gabata, sai na so in ji da jikina abin da takarda ta faɗa, tun da an ce jiki magayi. Na zaɓi watanni biyu kafin azumi, na bi hanyar sannu, wadda ba ta hana zuwa. Na fara da ajiye kofin dare, bayan mako biyu na ajiye na azahar, sannan na riƙa rage cokali a na safe har ya koma kofi guda.

Kowane mataki ya zo da kuɗinsa. Kwana biyu ko uku kaina yakan yi nauyi daga goshi zuwa ƙeya, layin littafi ya riƙa maimaita kansa, haƙurina da ɗalibai ya gajarta. Tsakanin azahar da la'asar kasala takan sauko mini kamar an lulluɓe ni da bargo. A makon farko na tarar ina barcin da ya fi na kullum da fiye da awa guda, na gane cewa tsohon bashi ne ake karɓa. Wajen mako na shida abubuwa suka daidaita. Ba zan ce na sami ƙarfin da ban taɓa samu ba, don ba haka aka yi ba. Abin da ya sauya shi ne yanayin yinin. Da can hawa ne da gangara, kowace gangara tana kiran kofi. Yanzu ya zama shimfiɗaɗɗe, gajiya tana zuwa a lokacinta da dare, ni kuma ina amsa mata. Na rasa awa biyu na karatun dare, na sami safiyar da ba ta buƙatar tallafi. Azumin ya shigo ba tare da ciwon kan da na saba ba. Kofin da ya rage kuwa ya dawo da aikinsa: ranar da tafiyar dare ta kama ni, ƙari guda yana isa ya riƙe ni har gida.

Kammalawa

Na san ragin da na yi gata ne. Direban da ke kwana a hanyar Legas zuwa Kano, da ma'aikaciyar jinya mai aikin dare, da ɗalibin da ke sana'a da rana yana karatu da dare, ba su da awa biyun da za su mayar wa barci. A ce musu su rage gahawa ko goro ko lemon gwangwanin nan mai sa kuzari, alhali ba a rage musu aiki ba, maimaita kuskuren Khair Bek da Frederick ne, wato kama finjali a bar abin da ya sa aka ɗauke shi. Al'ummar da ma'aikatanta ba sa iya kai yamma sai da abin tare gajiya tana cin bashin da wata rana za a biya a gadon asibiti ko a bakin titi.

Ga wanda yake da ikon zaɓi kuwa, darasin yana wurin mutanen farko. Sun ɗauki gahawa don dare biyu a mako, sun san dalilin kowane ludayi, sun bar wa jiki sauran kwanakin. Zanen aro ba ya rufe katara, amma yana fitar da mutum kunyar rana guda idan ya san ranar mayarwa. Mai son sanin nawa ne ƙarfinsa na kansa, nawa ne na aro, kwana tara na haƙuri sun ishe shi ya ji amsar daga jikinsa.